AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: In Na Goge Abin Da Na Rubuta A Intanet, Ya Tafi Ke Nan?

Wannan fili ne na amsa tambayoyin masu sauraro, wanda muke kawo muku ta gidan rediyo, sa'an nan mu buga shi a wannan shafi domin wanda bai sami ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana.

A wannan mako takardu uku muka haɗa wuri guda, domin duk bakinsu ɗaya. Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Funtuwa. Yana so ya san dalilin da ya sa mutane masu mutunci, waɗanda in sun haɗu ido da ido ba a jin kansu, da zarar sun shiga hira a intanet sai rigima. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, tana tambaya ko in mutum ya rubuta abu a Facebook ko WhatsApp, daga baya ya goge, abin ya tafi ke nan har abada. Ta uku kuwa wani ɗalibi ne daga Kumasi ta ƙasar Gana, ya ce shi da sunan aro yake rubutu, shin akwai yadda za a yi a gane shi?

To Malam, da ke Malama, da kai ɗan makaranta, mun gode da takardunku. Amsar a taƙaice ita ce: maganar da ka rubuta a intanet takan bar muryarka da fuskarka a gida, ta fita ita kaɗai, sa'an nan ta yi tsawon rai fiye da yadda ka yi nufi. Ikon da kake da shi a kanta yana nan ne kafin ka danna turawa. Bari mu bi abin daki-daki.

Abin da rubutu ke zubarwa a hanya

In kana magana da mutum baki da baki, ba kalmomi kaɗai yake ji ba. Yana jin nauyin muryarka, yana kallon idonka, yana ganin ko murmushi kake yi ko ka haɗe rai. In ka ga fuskarsa ta sauya, nan take sai ka ce, "A'a, wasa nake yi." To duk waɗannan babu su a rubutu.

Ɗauki misalin kalmomi biyu: "Ka kyauta." In ka kai wa maƙwabcinka gudummawa ya ce maka haka, godiya ce. In akuyarka ta shiga ta cinye masa shuka ya ce maka haka, kai ma ka san ba godiya ba ce, gatse ne. A baki ba mai rikita su. A rubuce kuwa kamarsu ɗaya, sai dai mai karatu ya sa musu muryar da ya ga dama. Wanda kuma ya tashi da ɓacin rai, da muryar ɓacin rai zai karanta.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin matsala. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali da gajere. In maigida ya rubuto maka cewa, "Direba ya tafi," labari yake ba ka cewa direban ya riga ya tafi, ko kuwa umurni ne yake bayarwa a sallame shi ya tafi? A baki bambancin a fili yake, a rubuce babu. Har ila yau, mutane da yawa ba sa sa ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ in suna rubutu a waya. Sai ka ga an rubuta, "Na ga bakin Alhaji." Bakinsa na cin abinci ka gani, ko baƙin da suka sauka a gidansa, ko kuwa baƙinsa kake gani, watau kana jin haushinsa? Ka ga jimla ɗaya, ma'ana uku, kuma ɗaya daga ciki tana iya raba zumunci.

Masana sun gwada wannan abu. A shekarar 1990 wata ɗaliba mai suna Elizabeth Newton a Jami'ar Stanford ta Amurka ta sa mutane su riƙa ƙwanƙwasa tebur da yatsa bisa karin wata sananniyar waƙa, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabin waƙoƙin. Amma cikin 120 da aka gwada, 3 kacal aka gane. Dalili kuwa, shi mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar cikin kansa, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Gwada da yaranka yau da dare ka gani.

Haka mai rubutu yake. A shekarar 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai. An sa su isar da maganganu, wasu na gaske, wasu na gatse, wasu ta murya, wasu ta wasiƙar intanet. Masu aikawa sun yi tsammanin za a gane nufinsu kamar sau 78 cikin 100. Waɗanda suka ji murya sun gane kamar sau 73. Waɗanda suka karanta rubutu kuwa sau 56 kawai, watau da kaɗan suka fi mai canke. Abin lura shi ne, masu aikawar ba su san an kasa gane su ba.

Tun farkon zamanin kwamfuta aka san da wannan cuta. Ranar 19 ga Satumba, 1982, wani masanin kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon, Scott Fahlman, ya ba abokan aikinsa shawara su riƙa sa alamar :-) a ƙarshen maganar wasa, domin an fara ɗaukar raha a matsayin gaske. Su ne kakannin 'yan fuskokin nan masu dariya da kuka da kuke turawa yau. Suna taimakawa, amma ba su warkar da cutar ba, domin fuskar dariya ma wani yakan ɗauke ta a matsayin izgili.

Wa ke zaune a zauren?

Dalili na biyu, Malam, shi ne ba ka san wanda ke sauraronka ba. In kana hira a zaure ko a majalisar ƙofar gida, kana ganin duk wanda ke wurin. Surukinka na shigowa za ka gyara zama, ka sauya zance. A intanet kuwa suruki yana ciki, ɗalibinka yana ciki, mai gidanka na wurin aiki yana ciki, wanda ke jiran ka yi tuntuɓe shi ma yana ciki, kuma duk ba ka ganinsu. Zauren WhatsApp guda ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024. Wane zaure ne a garinku zai ɗauki wannan taro?

Dubi wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. Al'ada ce mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su a shekarar 2014. In Bafillace ya tsokani Babarbare a kasuwa, kowa dariya zai yi, domin an san abin da ke tsakani. Amma a ɗauki wannan magana a rubuce, a tura wa wanda bai san al'adar ba, a wani gari, bayan shekara biyu, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar. Me zai gani? Cin zarafin ƙabila zai gani, kuma da sunanka a sama.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Disamba na 2013 wata ma'aikaciyar wani kamfani a Amurka tana filin jirgin sama na Landan, za ta tafi Afirka ta Kudu, sai ta rubuta wata 'yar gajeriyar magana a Twitter, wanda yanzu ake kira X, a kan cutar ƙanjamau da launin fata. Masu bin ta a lokacin ba su wuce kimanin 170 ba. Daga baya ta ce ita gatse ta yi, tana yi wa masu irin wannan tunani ba'a ne. To amma duniya ba ta ji muryar gatsen ba. Tana cikin jirgi na tsawon awa 11, wayarta a kashe, maganar ta zagaya duniya, dubban mutane suna jiran saukarta. Da ta sauka aka goge, ta nemi gafara, amma aikin gama ya gama. An kore ta daga aiki, kuma har yau duk wanda ya nemi labarin zai same shi.

Dalili na uku shi ne kunya. Ido shi ke da kunya. Mutum yana kwance a ɗakinsa da tsakar dare, ba ya ganin furfurar wanda yake mayar wa martani, ba ya ganin hawayen wadda ya yi wa habaici. Ga kuma 'yan kallo, masu zuga, waɗanda faɗan da babu ruwansu daɗin kallo gare shi. Da yake a gaban jama'a aka fara, ba wanda ke son a ce shi ya ja da baya. Abin da minti biyu a waya zai kashe, sai ya kwana uku ana yi.

Gogewa ba ta nufin ɓacewa

Yanzu sai mu zo kanki, Malama ta Maraɗi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To ta intanet ta fi haka, domin ita bunun da aka zara ɗaya ne, wannan kuwa haihuwa take yi.

Ki tuna da takardar kabon da akawu ke sawa a ƙarƙashin takarda in zai buga wasiƙa a tafireta. Bugu ɗaya, kwafi uku. In kika yaga ta sama, na ƙasa suna nan. Haka saƙon intanet yake. Ba ya tashi daga wayarki ya koma ta wani kamar yadda wasiƙa ke barin hannunki ta tafi gidan waya. Kwafarsa ake yi a kowane zango. Ga wuraren da yakan maƙale.

Na farko, manyan kwamfutocin kamfanin. Facebook da kansa ya bayyana cewa in mutum ya nemi a rufe shafinsa gaba ɗaya, akan jira kwana 30 ko zai sauya shawara, kuma share komai yana iya ɗaukar har kwana 90. Ya kuma ce saƙonnin da ka aika wa abokai suna iya zama a akwatunansu bayan ka tafi.

Na biyu, wayoyin waɗanda suka karɓa. WhatsApp yana ba da damar goge saƙo daga wurin kowa, amma cikin kimanin kwana biyu ne kawai. Wanda ya riga ya karanta ya karanta. Wanda ya tura wa wani zaure, wannan kwafin ya fita daga hannunki. Hoton da ya riga ya sauka cikin ma'ajiyar wayar wani ma yana iya zama a can.

Na uku, kuma shi ne mafi sauƙi, ɗaukar hoton fuskar waya. Daƙiƙa ɗaya ya isa. Ko da manhajar ta hana, ai akwai wata wayar a gefe da za a ɗauki hoton da ita. Mafi muni, mai ɗaukar hoton shi ke zaɓen inda zai yanke. Yana iya ɗaukar amsarki mai zafi ya bar zagin da aka fara yi miki.

Na huɗu, akwai ma'adanai da aikinsu ke nan. Wata cibiya a Amurka mai suna Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana bin shafukan intanet na fili tana kwafa tana ajiyewa, kuma tun 2001 ta buɗe wa kowa ya duba yadda shafi yake a shekarun baya. A 2025 ta sanar cewa abin da ta tara ya kai shafi tiriliyan ɗaya. Haka kuma a 2010 Twitter ya miƙa wa Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka duk rubuce-rubucen fili da aka yi a kansa tun daga 2006, aka ci gaba da tara komai har ƙarshen 2017. Nufinsu adana tarihi ne, kuma aiki ne mai kyau. Amma tarihi ba ya tace wanda ya rubuta abu cikin fushi.

Na biyar, sata. A watan Afrilu na 2021 an baza bayanan masu amfani da Facebook su miliyan 533 daga ƙasashe 106 a fili, har da sunaye da lambobin waya. Abin da ya fita ta wannan hanya ba mai iya tattaro shi.

Kina iya cewa, to ba kotu? Akwai wanda ya gwada. A 1998 wata jaridar ƙasar Sifaniya, La Vanguardia, ta buga sanarwar gwanjon kadarar wani mutum saboda bashi. Ya biya bashinsa, shekaru suka wuce, amma da jaridar ta sa tsofaffin bugunta a intanet, duk wanda ya rubuta sunansa a Google sai sanarwar ta fito. Ya kai ƙara a 2010. Ranar 13 ga Mayu, 2014, Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya, ta ce mutum yana da damar neman a cire irin wannan daga sakamakon bincike. To amma ki lura da abu biyu. Shafin jaridar yana nan, hanyar zuwa gare shi kawai aka toshe. Sa'an nan a 2019 kotun ta ce ba dole ba ne toshewar ta shafi duniya duka, iyakarta ƙasashen Tarayyar. Shi kuwa mai ƙarar, garin neman a manta da bashinsa, sai ga labarin bashin a jaridun duniya.

A Nijeriya ma an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yuni na 2023, wadda ta ba mutum damar neman kamfani ko hukuma su goge bayanansa, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa kula da wannan. Doka ce mai amfani, a yi aiki da ita. Sai dai tana iya tilasta wa kamfani, amma ba ta iya shiga aljihun mutum dubu ta goge hoton da kowannensu ya ajiye.

Sunan aro rigar aro ce

Kai kuma ɗan makaranta na Kumasi, sunan aro yana ɓoye ka daga mai wucewa, amma ba ya ɓoye ka daga wanda ya sa kansa nemanka.

Da farko dai, kamfanin ya san lambar waya ko adireshin wasiƙar intanet da ka yi rajista da su, ya san irin wayarka, ya san ta wane layi kake shiga. Layin waya kuwa a Gana an haɗa shi da katin ɗan ƙasa, kamar yadda a Nijeriya aka fara haɗa shi da lambar NIN tun Disamba na 2020. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ma ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu hulɗa da su har shekara biyu, kuma hukuma tana iya nema ta hanyar doka.

Amma ko ba hukuma, kai da kanka kake tona kanka, kaɗan-kaɗan. Yau ka ce an ɗauke wuta a unguwarku. Gobe ka ce malaminku na lissafi ya yi kaza. Jibi ka ce yayarka ta haihu, ran Asabar suna. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. In aka jera su, mutum nawa ne a Kumasi suka dace da duka ukun? Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna a shekarar 2000 cewa abu uku kawai, watau lambar yankin gidan waya, da ranar haihuwa, da ko mutum namiji ne ko mace, sun isa a ware kimanin kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

A watan Agusta na 2006 kamfanin AOL ya saki jerin abubuwan da mutane kimanin 650,000 suka bincika a intanet cikin wata uku, wajen bincike miliyan 20, wai don amfanin masana. Ya cire sunaye ya sa lambobi, yana ganin ya rufa asiri. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi abin da mai lamba 4417749 ke bincikawa, har suka isa ƙofar gidan wata dattijuwa mai shekara 62 a jihar Jojiya, wadda mijinta ya rasu. Kamfanin ya janye jerin, amma kafin nan an riga an kwafe.

Ga kuma hoto. Waya takan liƙa wa hoto bayanin ranar da aka ɗauka, wani lokaci har da wurin. Manyan dandamali sukan cire wannan kafin su nuna wa jama'a, amma hoton da aka tura a matsayin fayil yakan tafi da kayansa. Ko babu wannan ma, ga allon shago a bayanka, ga lambar mota, ga bajen makaranta a rigar ƙanenka. Sa'an nan salon rubutunka kansa shaida ne. Duk malamin da ya daɗe yana duba littattafan yara ya san rubutun kowane yaro ko bai sa suna ba. Abokanka ma haka suka san naka.

Wa zai tono tsohon zance?

Wataƙila ka ce, ni wane ne da za a damu da abin da na rubuta? To ai ba yau ake tonowa ba, sai ranar da kake neman wani abu.

Tun daga 31 ga Mayu, 2019, Amurka ta fara neman kusan duk mai son biza ya rubuta sunayen da ya yi amfani da su a dandalin sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. A watan Yuni na 2025 kuma aka umurci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu yadda jami'ai za su iya dubawa. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin karatu daga ɗalibai aƙalla goma da ta riga ta ɗauka, saboda hotunan ba'a marasa daɗi da suka riƙa tura wa juna a wani zauren Facebook da suke ganin na sirri ne. Wani daga ciki ne ya fitar, ko wani ya gani, oho, sakamakon dai ɗaya ne.

A gida kuma, ka san al'adarmu ta bincike kafin a ba da aure. Da, dattawa ake tambaya a unguwa. Yanzu ƙanen yarinya ne zai zauna da waya ya bi shafinka shekara biyar baya. Haka mai ɗaukar ma'aikata, haka abokin hamayya in ka fito takara.

Sai kuma kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a matsayin shaida in an cika sharuɗɗa. Ɓata suna kuwa laifi ne tun a tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 an kama mutane da yawa da shi, ciki har da 'yan jarida, har aka yi ta kukan cewa ya yi faɗi da yawa, aka yi masa gyara a 2024. Ko bayan gyaran, wanda ya baza abin da ya san ƙarya ne don ta da hankalin jama'a ko jefa ran wani cikin haɗari yana iya fuskantar tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara uku, ko duka biyun. "Ai turo mini aka yi" ba ta cika fitar da mutum ba.

Kada kuma mu manta da asirin wasu da muke bazawa. Uba ya sa hoton sakamakon jarrabawar ɗiyarsa da cikakken sunanta da lambarta. Ɗa ya sa hoton mahaifiyarsa a gadon asibiti yana neman addu'a, ga takardar likita a fili. Matar aure ta kai ƙarar mijinta gaban mutum dubu, gobe su shirya, amma rubutun yana nan, wata rana 'ya'yansu su karanta. Alhaji ya sa hoton tikitin jirgi, ya sanar wa duniya cewa gidansa ba namiji har mako uku, a wannan zamani na rashin tsaro. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, amma masu abin ba a tambaye su ba.

To mene ne abin yi?

Ba cewa muke a jefar da waya ba. Intanet ta sada zumunci, ta kawo ilimi da ciniki, kuma yawancin takardunku ma ta nan suke iso mu. Ga dai shawarwari shida.

1. Kafin ka tura, ka karanta abin da ka rubuta da muryar wanda ba ya ƙaunarka. In yana iya ɗaukar ma'ana biyu, ka gyara. Ka sa ƙugiya inda take, ka cika jimlarka.

2. Ka tambayi kanka: zan iya tsayawa a ƙofar masallaci ko a tsakiyar kasuwa in faɗi wannan da lasifika, ga mahaifina, ga surukina? In ba za ka iya ba, to taron da ke cikin wayar ya fi wancan yawa.

3. In an rubuto abin da ya sosa maka rai, kada ka amsa a daren. Ka fara tambaya, "Malam, me kake nufi?" Sau da yawa za ka tarar ba abin da ka zata ba ne.

4. In magana ta kai amsa biyu ba a fahimci juna ba, a bar rubutu. Ka buga waya, ko ka taka ka je. Abin da ya shafi aure, da bashi, da gado, da rashin lafiya, ba na zauren jama'a ba ne.

5. Kada ka sa hoton katin shaida, ko fasfo, ko takardar banki, ko tikiti, ko takardar asibiti. Labarin tafiya kuma ka bari sai ka dawo. Hoton wani, ko da ɗanka ne, ka yi tunanin ranar da zai girma ya gani.

6. Ka ware rana ka bi tsofaffin rubuce-rubucenka, ka goge abin da bai dace ba, ka taƙaita waɗanda ke iya ganin shafinka, ka rufe shafukan da ka daina amfani da su. Gogewa ba ta da tabbas, amma tana rage masu gani, kuma ragi ma riba ne. In kuwa abin da ka rubuta ya riga ya taɓa wani, to gogewa kaɗai ba ta isa ba. Ka neme shi ka ba shi haƙuri, a inda ka yi laifin, gaban waɗanda suka gani.

Iyaye da malamai, wannan karatu ne da ya kamata a fara koya wa yaro ranar da aka damƙa masa waya, kamar yadda ake koya masa duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Yaro mai shekara goma sha biyar ba ya tunanin ranar da zai nemi aiki yana da talatin. Mu ne za mu yi masa wannan tunani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

To jama'a, nan za mu dasa aya a wannan mako. Masu tambaya a kan yadda 'yan damfara ke kwashe kuɗi ta waya, takardunku sun iso, kuma su za mu ɗauka a fili na gaba in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a rubuta a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare mu daga sharrin harsunanmu da yatsunmu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.